Fim ɗin da na kai Gusau da kaina

Makon jiya aka yi sunan jikana a nan Gummi. Ina zaune a zaure ina kallon samari, kowa da waya a hannu. Wannan ya ɗauki rago, wancan ya ɗauki mahauci, wani ya juya wayar ya ɗauki kansa yana murguɗa baki. Kafin a gama fiɗa ɗana ya ce wayarsa ta cika. Ya zauna kusa da ni yana goge hotuna da babban yatsa, fuska bayan fuska, ko tsayawa ba ya yi ya ga wa yake gogewa. Ba laifi ya yi ba, zamaninsa ke nan. Amma abin ya tsaya mini a rai, har ya komar da ni lokacin da hoto ɗaya yake sa mutum ya yi wanka, ya ari hula, ya jira mako biyu.

Ni ba mai hoto ba ne na sana'a, ban taɓa buɗe shago ba. Malamin firamare ne ni a lokacin, saurayi, ina noman shinkafa a fadamar gidanmu. Kyamarar ma ba ni na saya ba. Kawuna ne ya dawo da ita daga aikin hajji, ya juya ta gaba da baya kwana biyu bai gane kanta ba, sai ya miƙo mini ya ce, "Kai na mai boko, tahi ka ji da ita." Baƙa ce, mai igiyar ratayawa a wuya. In ka danna ta ce ƙas, sannan ka ja wani ɗan ƙarfe da babban yatsa ta ce ƙirrr, fim ya matsa gaba. Har yau in na ji an ja zip ɗin tsohuwar jaka sai in tuna wannan ƙara. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ɗauka, ba ƙari, ba gogewa. Abin da ka danna ya dannu, kuma ba za ka san abin da ka yi ba sai an kai Gusau an wanko. Saboda haka kafin in danna nakan riƙe numfashi kamar mai harbin tsuntsu.

Ranata a tsare take. Da asuba in leƙa fadama in ga ruwa, in kori tsuntsaye in lokacinsu ne, in dawo in wanke taɓon ƙafa in tafi makaranta. Bayan la'asar sai in rataya kyamara in nufi tasha. Innata takan bi ni da kallo ta ce, "Wanga abu naka, in ka ɗauke mutum ka sa ga takarda, mi ka rage mai?" Ita har ta koma ga Allah ba ta yarda na ɗauke ta ba. Tsofaffi da yawa haka suke. Waɗanda suka yarda kuma, da zarar na ɗaga kyamara sai su sandare kamar za a yi musu allura, su dafa gwiwoyi, su ɗaure fuska. Ba a dariya a hoto a wancan lokaci, ana ganin rashin kamun kai ne. Samarin Fulani ne masu sauƙi, ranar kasuwa su zo su uku su huɗu, a jera, ɗaya ya riƙe rediyo, ɗaya ya saɓa sanda, ɗaya ya ɗaga hannu don agogo ya fito. Mata kuwa sai da salla, a cikin gidajen dangi, a shimfiɗa sabon zane a bango a jera kwanonin jere a gefe.

Amma abin da na fi ɗauka motoci ne. Ina son su tun ina ƙarami, ko da yake ban taɓa mallakar ko ɗaya ba. Tashar Gummi a lokacin cike take: kiya-kiya masu zuwa Anka da Gusau, a-kori-kura masu shiga ƙauyukan Bukkuyum da Gwashi su fito da buhuna da awaki da mutane a sama, da manyan motocin katako da ke lodin shinkafa, waɗanda aka zana wa zaki da dabino da jirgin sama a jiki. Kowace da rubutunta a goshi, kuma da rubutun ake kiranta, ba da lamba ba. Kana zaune za ka gane wadda ke tafe tun daga nesa, daga tarin injinta ko kukan hon ɗinta. In direba ya shirya ɗaukar hoto, sai ya kai mota bakin gulbi a wanke ta har taya, ya goge gilashi da tsohuwar jarida, ya zo ya ɗora ƙafa ɗaya a kan bamba, mabuɗi na lilo a yatsa. Yau motocin sun fi kyau, ba na musu, amma duk kamarsu ɗaya, kuma ba mai tsayawa ya kalle su.

A cikin direbobin nan akwai Ummaru, abokina tun muna makarantar allo a zauren mahaifinsa. Kiya-kiyar wani Alhaji yake ja tsakanin Gummi da Gusau, fara mai ratsin shuɗi, an rubuta mata "Sannu Sannu" a goshi, abin da shi kansa bai taɓa yi a kan hanya ba. Dogo ne, mai wushirya, mai surutu, in yana dariya har sai ya dafa mutum. Na ɗauke shi ya fi sau goma, kuma kullum rigimarmu ɗaya. In na matso don fuskarsa ta fito sai ya ɗaga hannu.

"Ja da baya, Malam. Ƙara ja. Tayar baya ta shiga?"

"Ta shiga. Amma kai ka zama kamar ƙwayar wake."

"To ni an ka ce a kalla? Kowa ya san ni. Mota ta abin kallo."

Shi ne kuma mai kai mini fim Gusau. In na cika ɗaya sai in sa a 'yar robarsa baƙa, in nannaɗe a ambulan, in rubuta sunana, ya jefa a aljihun gaban mota. Bayan kwanaki ya dawo da hotuna, ya riga ya buɗe ya gama kallonsu a hanya, har ya nuna wa fasinja. Kafin ya miƙo mini sai ya faɗi ra'ayinsa: wane ya fito kamar an koro shi, wance ta rufe ido, motar wane ta fi mai ita kyau. Ni kaina shagon wankin ban san inda yake ba.

Wata shekara bayan an gama girbin shinkafa, direbobi suka haɗu suka shirya wasa a filin bayan tasha. Suka ɗauko wani makaɗin kalangu daga wajen Bukkuyum, dattijo siriri mai muryar da ta fi jikinsa, da 'yan amshinsa huɗu. Aka kafa lasifika biyu a kan a-kori-kura, aka tayar da janareta, aka jera benci. Daga la'asar ne zuwa kafin magariba. Irin wannan taro a lokacin ba abin mamaki ba ne, makaɗan noma, masu kukuma, masu kalangu, duk suna zagayawa bayan kaka, kuma ina bin su da kyamara duk inda ƙafata ta kai. Ba da daɗewa ba aka zo aka daina taron kiɗa a fili, daga baya kuma hanyoyin suka zama abin da suka zama, yanzu in ka ga taro a fili sai dai na jana'iza ko na siyasa. Wanda bai ji kalangu biyar sun tashi tare a fili ba, ƙasa na amsawa a tafin ƙafarsa, ba zan iya kwatanta masa da abin da ke fitowa daga waya ba.

Ranar hoto biyar suka rage mini a fim. Abin da nake so ɗaya ne: in kama dattijon nan daidai lokacin da ya ɗaga kai ya buɗe murya, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Na durƙusa a gaban benci na farko ina jira. Na danna biyu ban gamsu ba. Rana tana ta yin ƙasa, filashata kuma, fitilar kyamarar, ta daɗe da mutuwa. Sai makaɗin ya shiga kiran direbobi ɗaya bayan ɗaya, kowa da motarsa da hanyarsa, wanda aka kira ya fito ya taka. Da ya zo kan Ummaru fili ya ɗauki sowa. Na ga dattijon ya cika ƙirji zai ɗaga kai, na riƙe numfashi, na danna. Daidai nan Ummaru ya faɗo gabana yana rawa, ya rufe komai.

"Kai, Ummaru! Ka ɓata mini fim!"

Ya sunkuyo yana haki, ya ce, "Wanke shi ka gani, Malam. Halama na hi shi kyawo."

Na ƙarasa sauran biyun a kan makaɗin cikin fushi, na naɗe fim na sa a roba. Na yi niyyar ba Ummaru washegari, amma ya yi sammako ban same shi ba. Jibi kuma aiki ya riƙe ni a fadama. Rana ta uku ina cikin aji ina rubutu a allo sai na ji hayaniya daga wajen tasha, irin wadda ba ta faɗa ba ce. Tayar gaba ce ta fashe wa Ummaru bayan ya wuce mararrabar Bukkuyum, kafin Anka. Fasinjoji sun ji raunuka, yawancinsu sun tashi. Shi sitiyari ya danne. Aka kawo shi kafin la'asar, muka yi masa sutura, muka kai shi.

Bayan sadakar bakwai mahaifiyarsa ta aiko a kira ni. Tun ina yaro nake shiga gidan, Inna nake ce mata kamar tawa. Ummaru ne ɗanta na fari, kuma ita ta tsohuwar tarbiyya ce, masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama ta yi hira da shi, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri. Kakarsa ce ta yi renonsa. Ko a kwanakin zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta, ita ce ma ke ba mutane haƙuri. Yaran yanzu in na ba su wannan labari sai su ce ƙiyayya ce. Ba su sani ba ne.

Na same ta a ɗaki zaune a kan tabarma, da tasbaha. Muka gaisa, sannan ta ce, "An ce kana da hotunan abokinka."

Na riga na zo da su a aljihu, don na yi zaton haka. Na miƙa mata. Ta ɗauki na farko ta kawo kusa da ido, ta nisanta shi, ta karkata wajen hasken ƙofa. Ta ɗauki na biyu. Haka har ta gama.

"Wagga ai mota ta. Shi ina shi?"

"Ga shi nan, Inna, jikin ƙofa. Mai farar hula."

Ta sake dubawa. "Ban gane shi ba."

Ta tattara su ta daidaita gefensu ta ajiye a gabana. Ta nuna da haɓa ɗakin da ke kusa, inda matarsa Hassi ke takaba da cikin wata shida. Ta rage murya ta ce, "Abin da ke cikin yarinyag ga bai san ubanai ba. In ya tashi ya tambaya, mota za a gwada mai?"

Sai na gaya mata zancen fim ɗin da ke ɗakina. Na gaya mata gaskiya, cewa rana ta yi sanyi lokacin, yana cikin motsi, ni kuma ba shi na nufa ba, yana yiwuwa a wanko a ga duhu kawai. Ta ce, "Allah shi na da iko. Tahi ka gwada."

Da zan fita, mahaifinsa, malaminmu na allo, yana zaune a zaure. Mutum ne da bai taɓa yarda da hoto ba, ya sha yi mini nasiha a kai. Na durƙusa zan wuce ya tsayar da ni.

"Na san abin da ak kai ka ciki," in ji shi. Ya ja tasbaharsa ɗaya, biyu, sannan ya ce, "Ni ban aje hoto ɗakina, ka sani, kuma ba ni sakewa. Amma ɗakinta nata na. Allah shi kiyaye hanya."

Ranar Asabar na shiga motar Gusau, fim na aljihun ƙirji, hannuna a kai. Ban yi tunanin cewa hanyar da abin ya faru zan bi ba sai da muka wuce mararraba direba ya rage gudu da kansa. Ga motar Ummaru can a gefen hanya an jawo ta ƙarƙashin wata marke, gaban ya shige ciki, gilashi a warwatse cikin ciyawa, rubutun goshin ya lanƙwashe. Motar da na ɗauka ta kowace fuska. Kyamara na rataye a wuyana da sabon fim a ciki, ban taɓa ta ba. Mutanen cikin mota suka yi salati, wata tsohuwa ta ce Allah ya jiƙan musulmi, muka amsa, direba ya taka.

Da tambaya na gano shagon, a wani lungu kusa da kasuwa. Mai shi wani dattijon Bayarabe ne mai tabarau, ya daɗe a garin, Hausarsa ta nuna. Da ya ga rubutun ambulan sai ya ɗago.

"A'a, kai ne Malam na Gummi? Yau ka zo da kanka. Ina direbanka mai surutu?"

Na gaya masa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sannan na gaya masa abin da ya kawo ni, da lambar hoton, na talatin da huɗu. Ya shiga ciki. Babu wuta a lokacin, sai da muka jira aka kawo. Na zauna a benci ina kallon hotunan amare da 'yan makaranta da aka manna a bango, warin maganin wanki na shiga hancina. Na yi azahar a masallacin bakin kasuwa na dawo. Can ya fito da dodon fim ɗin, doguwar igiya mai ruwan ƙasa, ya ɗaga ta wajen ƙofa yana bi da yatsa har ƙarshe.

"Ya yi duhu," in ji shi. "Amma akwai mutum a ciki. Zauna."

Sau uku ya buga shi. Na farko ya fito baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani. Na biyu ya yi fari fat kamar an zuba masa gari. Ya yaga su ya koma. Na uku ya fito da shi a babbar takarda, ya riƙe ta gefe-gefe don ba ta gama bushewa ba, ya ajiye a kan tebur.

Ummaru ne daga hula zuwa ƙirji, ya cika takardar. Hular ta karkace, gumi a goshi, baki a buɗe yana dariya, wushiryar nan a fili, tsagen kumatunsa ɗaya bayan ɗaya ana iya ƙirgawa. Kafaɗarsa ɗaya ta ɗan yi hazo saboda motsi, amma idanun tar suke, suna kallona. Daga bayansa ba abin da ya fito na makaɗin sai hannu ɗaya a sama riƙe da sandar kiɗa. Na ɗauki hotuna da yawa kafin wannan da bayansa, waɗanda na tsara, na auna, na jira haske. Babu wanda ya kama ƙafarsa, kuma ba da gwanintata aka yi shi ba.

Washegari da hantsi na je gidan. Malam, mahaifin Ummaru, na zaure da almajiransa manya suna karatu, ya amsa gaisuwata bai dubi ambulan ɗin ba. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Da ta gan ni ta karkaɗe hannu, ta goge a zane, ta shiga ɗaki na bi ta. Na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu.

"Ya hito?"

"Ya fito, Inna."

Ta karɓa ta ɗora a cinya, ba ta buɗe ba. Ta tambaye ni hanya, ta tambayi Innata, ta tambayi ko mun gama sussuka. Ta sa mini albarka mai tsawo. Sannan ta ce, "Tashi ka tahi, kar ka makara wurin aiki." Ranar Lahadi ce, ba makaranta, ita ma ta sani. Na ce to.

Na fito na saki asabari a bayana, na tsaya a bakin ƙofa ina neman takalmina ɗaya da kaza ta ture. Na ji ƙarar takarda ana zarowa. Na sa takalmi, amma na kasa tafiya. Shekara talatin da wani abu matar nan tana kawar da kai in ɗanta ya shigo. Can na ji muryarta ƙasa-ƙasa, ba kuka a ciki, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci tuwo.

"Ummaru," ta ce. "Ummaru. Ashe haka kake."

Na sunkuyar da kai na bi ta zaure na fita, ban tsaya sallama da Malam ba.